Maɓalli Huɗu a Gaban Koren Yadi

Ranar Laraba ce, wajen sha ɗaya da rabi na safe. Mama Tela na kan keke tana haɗa hannun riga, sai wani ya tare mata hasken ƙofa. Ta ɗago, ta ga mai gyaran waya ne, wanda shagonsa ke ƙarƙashin situdiyon ɗanta. Bai yi sallama ba. Yana ta murza hularsa a hannu.

"Mama, ki taso. Auta ne."

Ba ta tambaye shi komai ba. Ta zare allurar da ke bakinta, ta soke ta a jikin rigar, ta bi shi. Har yau ba ta iya tunawa ko ta ja ƙofar shagon.

'Ya'yanta biyu ne, duka maza, ubansu ya daɗe da rasuwa. Babban cikinsu mai aikin wutar lantarki ne, unguwa na ce masa Injiniya. Ƙaramin shi ne Auta, shekararsa ashirin da tara, amma har lokacin a gidanta yake kwana. Shi edita ne, mai tace bidiyo. Shi da wani abokinsa da ake kira Darakta suka kama dogon ɗaki a saman bene, suna yi wa mutane tallace-tallace. Darakta ne bakin, Auta ne hannun.

Ta tarar da jama'a cike a gindin matakala. Wata 'yar sanda mai muƙamin kofur ta tare ta, sai wani dattijo siriri mai furfura a gefen kunne ya leƙo daga sama, ya ce a bar ta ta hau. Shi ne Sufeto.

An riga an lulluɓe Auta. Yana kwance a gefen hagu na ɗakin, tsani ya faɗi kusa da shi, ga wata doguwar fitila a ƙasa, ƙwanta ya fashe. Ƙafafunsa kawai ke waje, cikin safa. Takalmansa na bakin ƙofa a jere, yadda ya saba ajiye su.

Sufeto ya jawo mata kujera. Bai yi gaggawa ba. Ya tsaya da littafinsa a hannu har kukan farko ya sauka, sannan ya tambaye ta ko ta san ɗakin.

Ta ce ta sani. Ta nuna bangon ƙarshe, ta ce yadin can ma ita take wanke shi, ita take goge shi.

Koren yadi ne babba, ya sauko tun daga rufi ya rufe bangon, ya malalo ƙasa kamar taki uku. Sufeto ya ce shi dai ba ya gane amfaninsa. Sai ta gaya masa yadda Auta ya sha gaya mata tana guga yana tsaye a kanta. A gaban yadin ake tsayar da mutum a ɗauke shi. Daga nan a ce wa kwamfuta ta cire kore. Tana cirewa sai bayan mutumin ya zama fanko, a zuba duk abin da ake so: ofis, ko kasuwa, ko bakin teku. Shi ya sa ba a son yamutsi ko datti a jikinsa, don duk inda launin ya canja kwamfuta sai ta bar tabo.

Tana cikin magana ta yi shiru. Ta zuba wa yadin ido.

"Yallaɓai, wa ya sauke shi?"

"Ba haka yake zama ba?"

"A'a. Kullum da yamma yana naɗe shi a sanda. Ba ya saukewa sai za a ɗauki mutum. Kuma ɗana ba zai hau tsani yadin nan na ƙasa ba, saboda ƙurar rufi. Ko ni bai yarda in taka shi da takalmi ba."

Sufeto ya dubi ƙafafunsa. Ya sunkuya ya kwance takalminsa, ya ajiye a gefen na Auta, ya taka yadin a hankali. A tsakiya ya durƙusa. Akwai sawun takalmi guda biyu, a jere, kamar na wanda ya tsaya yana fuskantar kyamara. Tafinsu sumul, bakinsu da tsini. Ya sa Kofur ta ɗauki hoto.

A lokacin Darakta ya hauro da gudu, yana haki. Ya zube a gaban Mama Tela ya kama ƙafarta yana kuka. Yana sanye da rigar nan mai ruwan toka wadda ita ta ɗinka masa, har shi da kansa ya tsoma hannu a gwangwaninta ya zaɓi maɓallan. Ya ce tun safe yana gidan gonar kaji a bayan gari, tafiyar awa guda, a can aka kira shi.

"Sai da na ce kada ya taɓa fitilun nan, Mama. Tun da Injiniya ya yi wayarin ɗin suke jan mutum." Sai ya toshe bakinsa da hannu, kamar maganar suɓucewa ta yi.

Sufeto ya rubuta.

Kafin yamma ya sauka wajen mai gyaran waya. Mutumin ya ce wajen tara da rabi ya ji an yi dum a sama, amma bai kula ba, don kullum suna jan kaya. Sai sha ɗaya ya hau ya ce ruwan na'urar sanyinsu na ɗiga a allon shagonsa, ya tarar da abin da ya tarar. Da aka tambaye shi wanda ya ga ya hau da safe, ya daɗe yana juya wata waya a hannu. Daga baya ya ce Injiniya, wajen takwas da rabi. Saukowarsa ce bai gani ba, kansa na ƙasa yana aiki. Ya ƙara da cewa akwai wata matakalar ta baya, wadda ba a hangowa daga shagonsa.

Sai maganar faɗan jiya ta fito, don duk layin sun ji. Ranar Talata da yamma Injiniya ya tsaya a kan matakala yana ɗaga murya, yana ce wa ƙaninsa idan bai daina ba, shi zai yi maganinsa da hannunsa.

Aka kira Injiniya. Ya zo idanunsa jajur, da manyan takalman aikinsa masu haƙora.

"Ka zo nan yau da safe?"

"Ban zo ba."

"An gan ka."

"Wanda ya gan ni bai ga daidai ba."

"Me ya haɗa ku jiya?"

"Maganar gida ce."

Mama Tela na zaune a dakalin shago tana ji. Ta san ɗanta. In yana ƙarya ba ya ƙifta ido, kuma a lokacin ko sau ɗaya bai ƙifta ba. Aka tafi da shi caji ofis a motar da ta biyo wadda ta ɗauki ƙaninsa.

Washegari likita ya ba da rahoto. Babu ƙunar wuta a hannun Auta ko a wani wuri na jikinsa. Kuma ba faɗowa ya yi ba. An buge shi ne a ƙeya da ƙarfe mai nauyi, irin ƙafar fitilar da aka samu a ƙasa, an kuma goge ƙarfen tas. Aka ba su gawa, aka kai shi. Wansa bai samu zuwa ba, yana tsare a bayan kanta. Darakta ne ya yi ta kai da kawo, shi ke jera kujeru, shi ke tarar baƙi, har mutane na cewa irin wannan aboki sai an tona.

Matar Injiniya ta dawo gidan Mama Tela da tsohon ciki. Ba ta cin abinci, ba ta magana. Mama Tela kuwa hawayenta sun tsaya cak. Ta rufe ɗa ɗaya, ga ɗayan ana shirin kai shi kotu a kan jinin ɗan'uwansa. In aka yi haka, gidan ya ƙare.

Rana ta uku ta ɗauki abinci ta tafi caji ofis. Sufeto ya ce a fito da Injiniya, ya zaunar da shi a ofishinsa, ita kuma ya bar ta a benci kusa da taga. Ya ce masa ga mahaifiyarsa nan, ya sake faɗa a gabanta cewa bai je ba.

Injiniya ya kalle ta. Ita murfin kwanon kawai take gyarawa. Sai ya sunkuyar da kai.

"Na je."

Ya ce tsoro ne ya sa shi musu, don ya san duk layin sun ji abin da ya faɗa. Sannan ya kwance maganar tun daga tushe. Wata shida da suka wuce Darakta ya kawo aikin tallan wani maganin ciwon suga. Ya sa farar rigar likita, ya tsaya a gaban koren yadi, Auta ya cire koren ya zuba masa asibiti a baya, da gadaje da na'urori. Babu asibitin, babu likitan, maganin ma a wani shago ake ɗura shi. Surukin Injiniya, wato uban matarsa, ya ga tallan. Ya ce ai aikin ƙanin mijin 'yarsa ne, ba za a cuce shi ba. Ya watsar da maganin asibiti ya koma wa wannan. Makon jiya aka yanke masa ƙafa.

Mama Tela ta rufe ido. Ba ta taɓa jin wannan ba. Ita ce ta goge yadin da aka yi aikin a kansa.

Injiniya ya ce da safen Laraba ya koma ne don bai iya barci da abin da ya faɗa ba. Ya tarar Auta ma bai runtsa ba. Auta ya ce masa ya gama shawara, a ranar zai kwashe asalin hotunan, waɗanda ba a cire koren ba, ya kai wa hukumar kula da magunguna, ko da shi ma za a kama shi. Amma sai ya fara gaya wa Darakta baki da baki, don ba zai yi masa ta bayan fage ba.

"Na ce masa ya jira in raka shi. Ya ce, 'Yaya, je ka aikinka, abokina ne.' Tara ba ta yi ba na sauka."

"Yadin yana sauke ko yana naɗe?"

"Yana naɗe."

Sufeto ya dubi takalman Injiniya da ke ajiye a kan kanta, ya dubi hoton sawun. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Amma da aka mayar da Injiniya ciki, ya gaya wa Mama Tela gaskiya: sawu kawai ba ya fitar da mutum. Ɗanta ya yi barazana a bainar jama'a, an ga hawansa, ya yi ƙarya. Shi kuwa Darakta yana da shaida mai ƙarfi.

Ya ce ya je gidan gonar da kansa. Mai gonar ya tabbatar Darakta ya zo ranar Laraba da hantsi, sai dai bai duba agogo ba, yana cikin kaji. Ya ce Darakta ya taɓa zuwa ma a makon da ya wuce, ya ɗauki hoton ƙofar gonar. Abin da ya ɗaure maganar shi ne bidiyon da Darakta ya sa a shafinsu da ƙarfe goma da minti biyar, yana tsaye a ƙofar gonar yana gaishe da masu kallo. Wanda yake ɗakin da tara da rabi ba zai kai can a wannan lokacin ba, ko da tashi yake yi.

Mama Tela ta ce a nuna mata.

Sufeto ya miƙa mata wayarsa. Ta nisanta ta, ta matso da ita, ta ce ta bar tabaronta a shago. Kofur ta ce bari ta sa mata a kwamfutar ofis, ta fi girma.

Ga Darakta nan, yana murmushi, a bayansa jar katanga da ƙofar ƙarfe fara, kaji na wucewa. Sufeto da Kofur fuskarsa suke kallo. Ita kuwa shekara talatin tana kan keke, in ta ga mutum rigarsa take fara gani. Ta dubi wuyan, ta dubi kafaɗa. Ɗinkinta ne.

"'Yata, tsayar min da shi."

Kofur ta tsayar.

"Wa ya canja masa maɓalli?"

Sufeto ya matso. Ya ce bai ga komai ba, ga maɓalli huɗu nan, ja-ja.

"Ni ban sa ja ba. Kore na sa, irin na gilashi. Shi ya zaɓa. Kuma da su ya zo ya durƙusa a gabana ranar, na gan su, na sama ma ya fara sakin zare."

Kofur ta ƙara girman hoton, ta saki bidiyon a hankali. Darakta ya ɗan karkata zuwa dama. Maɓallan huɗu suka tashi daga ja suka koma fari, daidai lokacin da ƙirjinsa ya zo saitin farar ƙofar. Ya dawo hagu, suka koma ja.



Mama Tela ta ce Auta ya sha gaya mata: kwamfuta ba ta san mutum ba, ba ta san yadi ba, launi kawai ta sani. In ka ce ta cire kore, duk inda ta gan shi za ta cinye, ko a ƙirjin mutum yake. Shi ya sa tun da ya fara aikin nan ko zare kore bai bari ta sa masa a riga ba.

"Ba maɓalli muke gani ba ke nan," in ji Kofur. "Huda ce. Katangar muke hangowa ta cikinsa."

Sufeto ya zauna a bakin tebur. Ya ce wannan ya nuna bidiyon haɗi ne, amma lauya zai ce an haɗa shi tun kafin ranar Laraba. Da za a samu asalin hoton, da magana ta ƙare. Sai dai sun duba kyamarar, an zare katin.

"Wanne daga ciki?" in ji Mama Tela.

Suka juyo suna kallonta.

Ta ce ita ba ta san kyamara ba, amma ta san aljihu. Duk ranar wanki sai ta lalube wandunansa, kuma sau da yawa tana tsintar ɗan ƙaramin kati kamar farce. Ta taɓa yi masa faɗa, ya ce na ajiya ne. Wai kyamarar kati biyu take ci, babba a gefe, ƙarami a wani lungu a ƙasa, kuma ya saita ta duk abin da ta ɗauka ta rubuta a duka biyun, tun ranar da aikin wani ya taɓa goge masa.

Kofur ta riga ta miƙe tana neman makullin situdiyon.

Washegari da hantsi Sufeto ya kira Darakta, ya ce ya zo situdiyo ya taimaka masa ya rufe fayil. Ya aika aka ɗauko Mama Tela, ya zaunar da ita a kujerar bakin ƙofa. Darakta ya zo da fara'a, ya gaishe ta har ƙasa, ya tambayi jikin matar Injiniya.

Sufeto ya ce shi mutumin da ne, rahoto zai rubuta a kan aikin da bai gane ba, yana so a nuna masa da ido. Darakta ya yi dariya, ya ce ai abu ne mai sauƙi, ko shi da ba edita ba ya iya. Ya kunna fitilun gefe biyu, ya ce Yallaɓai ya cire takalmi ya tsaya a tsakiya, ya ɗan matso gaba don kada hasken yadin ya taɓa masa kunne. Ya juyo da allon kwamfutar yadda kowa zai gani. Ya ɗora ɗan kibiyar a kan koren ya danna. Koren ya ɓace, bayan Sufeto ya yi baƙi. Ya ja wani abu kaɗan, gefen kafaɗun ya yi tsaf. Ya sake dannawa, sai ga Sufeto tsaye a cikin jirgin sama, da safarsa.

"Ikon Allah. Ga ni a jirgi, ko tasha ban je ba."

Har Kofur sai da ta murmusa.

Sufeto ya sa hannu a aljihu ya ciro koren biro, ya ɗaga shi kamar zai rubuta wani abu. A allon, yatsunsa a dunƙule suke, babu komai a cikinsu.

"Af, ina birona?"

"Ya tafi da yadin, Yallaɓai," in ji Darakta yana dariya. "Dokar farko ke nan a aikin nan. Ba a shiga gabansa da kore, ko ɗan ƙanƙani ne. Sabon shiga ne kawai yake wannan kuskuren."

"Ko maɓalli?"

"Ko maɓ…"

Bai ƙarasa ba.

Kofur ta matsa gaban kwamfutar, ta buɗe bidiyon gidan gonar, ta ƙara girman ƙirjin. Ja, fari, ja. Ta maimaita sau uku. Sufeto ya sauko daga kan yadin, ya zauna yana ɗaura takalminsa ba tare da ya ɗago ba.

"Mama, wane launi kika sa wa rigar nan?"

"Kore."

Darakta ya ce to, gaskiya ne, haɗi ne. Ranar Talata ya haɗa shi, don ya san in ya isa gonar ba zai samu lokaci ba. Dabarar aiki ce kawai, kowa yana yi. Ya sa shi a shafi ne yana kan hanya.

"Ranar Talata," in ji Sufeto. "To."

Ya ɗaga wa Kofur kai. Ta ciro ɗan kati daga ambulan ta sa a kwamfutar. Darakta ya dubi katin, ya dubi kyamarar, ya sake duban katin. Da gani bai taɓa sanin akwai shi ba.

Sufeto ya ce wa Mama Tela in tana so ta fita waje. Ta ce a nan za ta zauna.

Hoton ya buɗe. Kwanan wata da lokaci na rubuce a jikin fayil ɗin: Laraba, tara da minti arba'in da shida. Koren yadi cike da allo. Darakta ya shigo daga gefe da takalminsa mai tsini, ya tsaya a tsakiya, maɓallansa huɗu kore shar suna ƙyalli. Ya fara gaisuwa, ya kasa ƙarasawa. Ya share fuska da hannu, ya sake. Sai a karo na uku murmushin ya zauna. A can ƙasan allon, ta hagu, wurin da ya yanke ya zubar a bidiyon da ya sa a shafi, ga ƙafafu biyu cikin safa, ba sa motsi. Dunduniyar ɗaya da ɗinkin baƙin zare. Mama Tela ta san ɗinkin.

Darakta ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

Bai yi gardama ba kuma. Ya ce ta matakalar baya ya hau, wajen tara da kwata. Auta ya gaya masa abin da zai yi. Ya roƙe shi, ya ce su goge komai su yi shiru, fuskarsa ce a tallan, shi za a ɗaure. Auta ya ce an yanke wa mutum ƙafa, kuma hannunsa ne ya gina asibitin. Ya juya zai ɗauki jakarsa. Darakta ya ce bai san lokacin da ƙarfen ya zo hannunsa ba. Bayan nan ya zauna kamar minti goma. Sai idonsa ya faɗa kan sandar yadin, ya tuna yana da hoton ƙofar gonar tun makon jiya. Ya kwantar da tsani, ya fasa ƙwan fitila, ya sauke yadin. Maganar wayarin kuwa a hanya ta zo masa, da ya tuna faɗan jiya.

Ya ja jiki ya nufo ƙafar Mama Tela.

"Mama, ki yafe min. Wallahi ban yi niyya ba."

Ta janye ƙafarta ƙarƙashin kujera.

"Na farkon ka ce ba ka yi niyya ba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na biyun fa? Kana jera kujeru a gidana, shi yana bayan kanta."

Kofur ta sa masa ankwa. Aka sauko da shi ta matakalar gaba, mutanen layin suka dare biyu. Mai gyaran waya ya shige shagonsa ya ja labule.

Da yamma aka saki Injiniya. Bai bi ta gida ba, sai da ya sa aka nuna masa inda aka kwantar da ƙaninsa. Sufeto ya kai asalin hotunan tallan inda Auta ya yi niyyar kai su, aka rufe shagon da ake ɗura maganin. Bayan sati uku matar Injiniya ta sauka lafiya, aka samu mace.

Da aka gama shari'a, Sufeto ya zo shagonta da kansa, da wata 'yar jaka ta kayan da aka samu a jikin Auta. Ya ce a aikinsa bai taɓa samun shaida irinta ba. Ta ce ita ba ta yi komai ba, ɗinkinta kawai ta gane. Ta ga hannun rigarsa ya fara zarewa, ta ce ya kawo ta kama masa. Ya tsaya a bakin ƙofa ta kama masa a jikinsa.

A cikin jakar akwai makulli, da agogo, da wayar Auta. Ba ta san lambobin buɗe ta ba. Mai gyaran waya ya ce zai iya buɗewa, amma duk abin da ke ciki zai goge, ta ce a bar ta haka.

Kullum da safe, kafin ta fita, takan jona ta a caji a gefen gadonta. Allon ya yi haske, ya nuna lokaci, a bayan lokacin ga hoton wata tsohuwa ta kifa kai a kan keken ɗinki tana gyangyaɗi, tabarau ya zamo mata har kan hanci. Ba ta san ranar da ya ɗauka ba. Takan tsaya har hasken ya mutu da kansa, sannan ta ɗauki makullin shago.